Littafi, waya ko murya: wane irin rubutu ne zai taimaki mai ƙoƙarin rabuwa da giya?

"Ka riƙa rubutawa." Shawara ce da mai ƙoƙarin daina shan giya yake yawan ji, ko daga bakin likita ko daga wanda ya riga shi fita daga harkar. Ba ta da laifi, sai dai a dunƙule ake ba da ita. Ba a faɗa masa me zai rubuta ba, ba a faɗa masa a ina ba, kuma ba wanda ya tambaye shi ko yana da wurin ɓoye takarda a gidan da kowa ke shiga ɗakin kowa. Sai ya sayi littafi mai ganye 80, ya cika shafi 5 da nadama a daren farko, bayan kwana 3 ya tura shi ƙarƙashin katifa, shi ke nan an gama.

Zaɓi biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai irin rubutun da za a yi, akwai kuma inda za a ajiye shi. Mutane sun fi tsayawa gardama kan na biyun, takarda ko waya, alhali na farkon ne yake yanke ko rubutun zai yi amfani ko zai ƙara wa mutum ciwo.

Kafin komai, rubutu ba ya maganin abin da jiki ke yi idan an yanke giya. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya tsaya farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai iya fara karkarwa, gumi, tashin zuciya da rashin barci. Wasu jijjiga takan kama su a kwana biyun farko. Mafi haɗari shi ne ruɗewar da kan zo wajen kwana na 2 zuwa na 4, da zazzaɓi da gane-gane da bugun zuciya, kuma tana kisa idan ba a kula ba. Irin wannan mutum asibiti ne nasa, ba biro ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Duk abin da ke ƙasa na wanda ya haye wannan gaɓa ne, ko yake hayewa a hannun likita.

Irin rubutu na farko shi ne gajeren lissafi, layi 3 ko 4 a duk lokacin da ƙawar giya ta taso. Ba labari ba ne. Lokaci, wuri, wa kake tare da shi, me ya faru kafin nan, ƙarfin ƙawar daga 1 zuwa 10, me ka yi, yaushe ta sauka. Ga yadda na wani direban haya zai iya kasancewa:

"Alhamis, 5:30, bakin tasha. Oga ya zage ni gaban fasinja. Tun kokon safe ban ci komai ba. Ƙawa 8. Na kira Yaya, na sayi awara da ruwan leda, na zauna a masallaci. 6:00 ta koma 3."

Ba wani adabi a ciki, kuma ƙarfinsa ke nan. Tushen wannan salo yana cikin aikin Alan Marlatt na Jami'ar Washington a Amurka, wanda shi da Judith Gordon suka fitar da tsarinsu na hana komawa ruwa a 1985. Da suka bi diddigin waɗanda suka daina sannan suka koma, sai suka ga mafi yawan komawar ba daga sama take faɗowa ba. Abu 3 ne ke yawan gabatarta: ɓacin rai, rigima da wani, da matsin abokai. Su kuwa 'yan ƙungiyoyin tsofaffin mashaya suna gargaɗin juna da abu 4: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Matsalar ita ce kowa ya yarda da wannan a baki, amma ba wanda ya san nasa tarkon sai ya gan shi a rubuce. Kamar littafin bashi ne na mai shago: a ka yana ganin kowa na biya, sai ya buɗe littafin ƙarshen wata ya tarar mutum 3 ne suka cinye masa jari. Bayan mako 3 direban nan zai ga cewa ƙawarsa ba ta san safiya ba, ta fi tasowa tsakanin la'asar da magariba, ranar da ya tsallake abincin rana, da ranar da aka biya shi. Daga nan gyara ya zama abin da hannu zai iya kamawa: ya ci abinci da azahar, ya canza hanyar komawa gida, ya miƙa wa matarsa kuɗin cefane kafin ya bi ta gaban mai giyar leda.

Akwai wata riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Mai ƙawa yana jin kamar za ta ci gaba da hauhawa har sai ya sha. Ba haka take ba, takan hau ta kai ganiya ta sauko da kanta, sau da yawa cikin ƙasa da rabin awa. Likita zai iya faɗa masa haka sau 10 bai yarda ba. Amma idan ya ga rubutun hannunsa, 8 ta koma 3 sau 15 a jere ba tare da ya kurɓi komai ba, hujjar tasa ce. Kai, ko minti 2 da yake ɓatawa wajen ciro littafin da neman biro, jinkiri ne tsakaninsa da kwalba.

Rauninsa shi ne bushewa. Yana gundura, kuma ba ya taɓa abin da ya kai mutum ga giyar tun farko. Wanda ya fara sha bayan rasuwar ɗansa, ko bayan abin da ya gani a rikici, ba zai sami wurin zuba wannan a layi 4 ba.

Nan irin na biyu ke shigowa, wato zazzage ciki: mutum ya zauna ya rubuta duk abin da ke cin ransa, ba tsari ba gyara. Wanda ya fito da darajar wannan a kimiyyance shi ne James Pennebaker, a binciken da shi da Sandra Beall suka wallafa a 1986. Sun sa ɗaliban jami'a a Texas rubutu na minti 15 kullum har kwana 4 a jere, wasu kan abin da ya fi girgiza su a rayuwa, wasu kan abubuwa marasa nauyi. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Wannan ɓangaren kowa ke ambata. Wanda ake tsallakewa shi ne, da zarar sun ajiye biro ransu ya fi ɓaci, hawan jininsu ma ya ɗan ɗaga. Kuma ɗalibai ne lafiyayyu, ba mutanen da suka ajiye kwalba makon jiya ba.

Ka haɗa wannan da abin da Marlatt ya gano, cewa ɓacin rai shi ne babbar ƙofar komawa, sai ka ga inda haɗarin yake. Mutum mai kwana 10 da daina sha, ƙarfe 11 na dare, shi kaɗai, ya tono ranar da mahaifinsa ya kore shi daga gida, ya cika shafi 6, ya rufe littafi zuciyarsa na tafasa, kuma ya san gidan da ba a rufewa sai asuba. Wannan ba jinya ba ce. Wani tarkon kuma ya fi wannan laushi: a fara da niyyar nadama, a ƙare da bayanin sanyin kwalbar, da kiɗan da ke tashi, da dariyar abokai. Ƙwaƙwalwar mashayi ba ta bambance tuna giya don tsine mata da tuna ta don marmari, duk yawu ɗaya suke tsinkawa.

Ban ce a guje shi ba. A ganina a jinkirta shi har barci ya daidaita, kamar bayan wata 2 ko 3, a yi shi da rana, a sa masa iyaka ta minti 15 zuwa 20, kuma a san wanda za a kira idan an tashi. Idan abin da ake tonowa ya shafi fyaɗe, kisa ko tunanin kashe kai, to ba aikin mutum shi kaɗai da takarda ba ne, sai da likita.

Na uku shi ne hisabin dare, kuma shi ne ya fi kusa da abin da muka sani. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta mashayan da ke taimakon juna su daina, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, tana da matakai 12. Na 4 shi ne mutum ya zauna ya rubuta cikakken lissafin halinsa, har da waɗanda yake riƙe da su a zuciya da dalili. Na 5 ya karanta wa wani. Na 10 ya ci gaba da wannan binciken kai kullum, idan ya yi kuskure ya amsa nan take. Musulmin da ya ji wannan zai gane muhasaba, da maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Kirista ma ya san binciken zuciya kafin addu'ar dare. Don haka ba ya buƙatar dogon bayani, kuma yana zama daram bayan sallar isha'i: yau wa na ɓata wa, me na ɓoye, me ya tafi daidai, gobe ina haɗarin yake.

Inda yake lalacewa shi ne idan ya koma zaman kotu. Wasu sukan mai da shi wurin zagin kai: ni banza ne, tubana tuban muzuru ne, na ci amanar kowa. Marlatt ya yi bayanin wannan ma. Wanda ya ɗauki kurɓi ɗaya a matsayin shaidar cewa shi lalatacce ne tun asali, ya fi saurin cewa tunda an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, bari a ƙarasa kwalbar. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kuskuren ranar Asabar a gidan biki, mai dalili da za a iya toshewa, ya fi saurin miƙewa. Saboda haka duk hisabin da ba shi da layin "abin da na yi daidai yau" ragagge ne.

Wasu masu tsantseni sukan tambaya ko rubuta zunubi bai shiga cikin tona wa kai asiri ba, tunda akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ke zargin wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, ya wayi gari yana ba da labari. Malamai ne za su yi fatawa. Abin da zan ce kawai, wanda hadisin ya siffanta mai shela ne, kuma gajeren lissafin da na kawo a sama ko kalmar giya babu a cikinsa. Amma tambayar ta kai mu ga zaɓi na biyu, domin takardar da ta faɗa hannun wani ta zama shela ko ba ka so.

Takarda tana da kyau ta fuskoki da yawa. Ba caji, ba data, ba saƙon da zai faɗo a tsakiyar rubutu. Ana buɗe shafi 2 a ga mako guda a kallo ɗaya, ana miƙa wa likita ya duba. Idan an gama da ita ashana ɗaya ta isa. Amma tana da aibi 2, kuma na farkon an auna shi. A 2002 Arthur Stone da Saul Shiffman da abokan aikinsu sun ba masu fama da ciwo mai naci littafin da za su riƙa cikewa sau 3 a rana har mako 3, suka ɓoye wata na'ura a bangon littafin tana lissafa lokacin da aka buɗe shi. A rubuce, marasa lafiyar sun nuna sun cika kashi 90 cikin 100 a kan lokaci. Na'urar ta ce kashi 11 ne. Sauran daga baya aka zauna aka cike su, wani lokacin na kwanaki da yawa a zama ɗaya. Waɗanda aka ba na'urar hannu mai ƙara da buga lokaci kuwa sun kai kashi 94. Ba mashaya ba ne, amma halin ɗan Adam ɗaya ne, kuma lissafin ƙawar da aka cike daren Lahadi daga ka tatsuniya ce. Mutum zai tuna ya ji ƙawa ranar Laraba, ba zai tuna bai ci abinci ba.

Aibi na biyu namu ne. A jihohi 12 na Arewacin Najeriya da suka ɗauki shari'a tun bayan da Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, shan giya laifi ne ga Musulmi, kuma haddinsa a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Amma ba kotu ce ke hana mutane barci ba, suruki ne da maƙwabci da kishiya. Littafin da ke ƙarƙashin katifa ranar shara ake ganinsa. "Baban Ummi, wannan rubutun na mene ne?" Idan uwargida ta riga ta san halin da ake ciki, tambayar ba komai ba ce, wataƙila ma alheri. Idan ba ta sani ba, ko kuma macen ce ke shan a ɓoye, shafi ɗaya zai iya kashe aure. Wasu sukan ce za su rubuta da ajami don yaran boko kada su karanta. Dabara ce, sai dai a tuna cewa a garuruwanmu takarda mai haruffan Larabci ba ta kwana a ƙasa. Duk wanda ya gan ta zai ɗauka ya kaɗe, ya duba ko akwai sunan Allah, sannan ya cusa a ramin katanga. Ta boko ce ake takawa a wuce.

Waya ta fi takarda a daidai inda takarda ta gaza. Tana aljihu a lokacin da ƙawar ta taso, tana buga lokaci da kanta, ana sa mata ƙararrawa, kuma wanda ke danna waya a bakin tasha ba ya jan idon kowa, saɓanin ƙato da littafi da biro. Amma wayar yawancinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana kwana wajen mai caji, yara na kallon bidiyo a ciki, mai gyara yana neman lambar buɗewa. Sannan a cikinta lambar abokan sha take, tazarar yatsa ɗaya daga inda kake rubuta cewa ƙawa ta kai 8. Wanda ya zaɓi waya, ya rubuta a manhajar rubutu mai makulli nata daban, kuma ya goge waɗancan lambobin tun ranar farko.

Manhajojin da aka yi musamman don masu daina giya kuwa ina ɗari-ɗari da su. Yawanci da Turanci suke, wasu na neman kuɗin wata, kuma abin da ka rubuta yana tafiya rumbun kamfani. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayyar Amurka ta ɗauki mataki kan kamfanin Monument, mai jinyar mashaya ta intanet, bisa zargin miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga kamfanonin talla irin su Meta da Google bayan ya yi alƙawarin sirri. Sai kuma agogon ƙirga kwanaki da kusan dukkansu ke da shi. Yana ƙarfafa gwiwa a kwana na 40, amma ranar da aka yi tuntuɓe ya koma sifili, sai ya zama shi ne ke raɗa wa mutum cewa duk wahalar ta tashi a banza. Kalandar bango da ake yi wa ɗigo ta fi shi gaskiya, domin tana nuna kwana 40 masu tsabta da ɗaya mai tabo, ba sifili ba.

Murya ita ce mafita ga wanda rubutu ke yi wa nauyi, kuma suna da yawa. Minti 1 ya isa a faɗi duk abin da ke cikin gajeren lissafi. Sai dai murya ba ta musantuwa, duk wanda ya ji ya san mai ita. Masu tura wa kansu saƙon murya a WhatsApp suna wasa da wuta, yatsa ya zame sau ɗaya ya tafi zauren dangi. A yi amfani da manhajar naɗar murya ta cikin wayar. Babban rauninta kuma shi ne bita: saƙo 30 ba sa nuna salo sai an saurare su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai yi. Wanda ya ɗauki wannan hanya yana buƙatar amintacce, ɗan'uwa ko ma'aikacin jinya, su zauna sau ɗaya a mako su fitar da rana da lokaci da dalili a takarda, sannan a goge.

To wanne za a ɗauka? A watanni 3 na farko, gajeren lissafi, ba tantama. Wanda wayarsa tasa ce shi kaɗai ya yi shi a waya, saboda lokacin da ake rubutawa ya fi komai muhimmanci. Wanda wayarsa ke yawo hannu-hannu ya sayi ƙaramin littafin aljihu irin na 'yan kasuwa, ya yi shi da alamu: "baƙo" a maimakon ƙawa, harafi ɗaya a maimakon sunan mutum, lambobi kamar na ciniki. Hisabin dare ya biyo baya da layi 4, a takarda, ga wanda iyalinsa suka san halin da yake ciki. Zazzage ciki ya jira, kuma idan an yi shi ba dole a ajiye ba, domin amfaninsa a rubutawar yake, ana iya ƙonawa a tashi.

Ga wanda ke zaune inda giya ba abin ɓoyo ba ce, kamar sassan Filato da kudancin Kaduna inda burkutu ke cikin biki da aikin gayya, ko unguwannin Jos da goskolo, wata giyar haɗi mai ƙarfi, ya addaba, lissafin ya ɗan sauya. Sirri ba shi ne damuwarsa ba, ƙwaryar da ake miƙo masa ce. Shi sai ya ƙara layi ɗaya: wa ya miƙo, me na ce masa, ya karɓi uzurin ko ya nace. Cikin wata guda zai san amsar da ke aiki da kuma taron da gara ya aika da gaisuwa.

Ranar da aka sha, a rubuta ta a layinta kamar kowace rana: ƙarfe nawa, a ina, kwalba ko leda nawa, me ya faru awa 2 kafin nan. Kada a yage shafin, kada a sayi sabon littafi don a fara daga farko. Wannan shafin ne likita ya fi buƙatar gani idan za a duba ko a haɗa da maganin rage ƙawar giya irin naltrexone ko acamprosate, ko a sauya ranar dawowa asibiti daga wata guda zuwa mako 2.